Kwana Uku a Akra da Kyamarar Aro

Ranar da na kawo wa Baba takardar izinin tafiya, sai da ya juya ta sau biyu kafin ya ce, "Wato daga Kumasi har Ankara za ki je don ki ɗauki hoton mutane? Su mutanen nan garin sun ƙare ne?" Ankara yake cewa, yadda tsofaffinmu ke kiran Akra. Shi fataucin goro ya gada, kuma a ganinsa hoto ba sana'a ba ce, abin ranar suna ne da biki. Inna ce ta yi ta ba shi baki har ya sa hannu, da sharaɗin in sauka gidan Gwaggo a Nima.

Mu goma sha takwas ne 'yan ajin koyon ɗaukar hoto a kwalejinmu. Mun tashi bayan asuba, muka bi ta Nkawkaw da Nsawam, tafiyar kilomita wajen 250. A cikin mota malaminmu ya kafa doka: kowa hoto 36 kacal zai ɗauka a yini, daidai da abin da fim ɗaya na kyamarar da yake ɗauka. Ya ce wanda ya san harsashinsa ƙidayayye ne ba ya harbin iska.

Jamestown muka fara zuwa, tsohuwar unguwar bakin teku mai hasumiyar jiragen ruwa ja da fari. Nan ne gidan hoto na Deo Gratias, wanda J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe a 1922, kuma har yau yana hannun zuri'arsa. A unguwar ce kuma James Barnor, wanda aka haifa a 1929, ya yi shagonsa mai suna Ever Young, ya ɗauki Kwame Nkrumah da talakawan gari a shekarun neman 'yancin kai. Da malam yake nuna mana irin waɗannan tsofaffin hotuna, 'yan ajinmu suna ta sha'awar kwat da huluna. Ni kuwa fuskar ɗan zango nake nema, mai babbar riga ko mai huhun goro a gaba. A cikin waɗanda muka gani ranar, ban samu ba.

Washegari a kasuwar Makola na yi abin kunya. Na hango wata mata mai sayar da busasshen kifi, hasken safe ya sauka a gefen fuskarta gwanin kyau. Ban yi sallama ba, ban tambaya ba, na ɗaga kyamara na danna. Ai kuwa ta miƙe tana faɗa da harshen Ga, maƙwabtanta suka taso, aka kewaye ni. Kyamarar kuma ta makaranta ce, da ta fashe sai Baba ya sayar da huhu nawa kafin ya biya. Malam ya zo ya ba da haƙuri, ya sa na goge hoton a gaban idonta. Da muka fita bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Da baƙo ne ya yi wa mahaifinki haka a rumfarsa, ya za ki ji?" Na san amsa. Baba da sanda zai bi shi.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da safe aka ce kowa ya zaɓi inda zai yi aikinsa na ƙarshe. Wasu suka nufi Dandalin Baƙin Tauraro, wasu babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Ni na ce a Nima zan tsaya. Na sa kyamara a jaka, na sayi koko da ƙosai, na bi layin 'yan goro.

Wani dattijo na tarar yana yayyafa wa goronsa ruwa yana ware fari da ja. Na durƙusa na gaishe shi.

"Daga ina, 'yata?"

"Daga Kumasi, Baba. Mahaifina ma goro yake sayarwa."

"To zauna, ke 'yar gida ce."

Mun fi sa'a guda muna hira. Ya ce daga ƙasar Tawa ya zo tun yana saurayi, da niyyar yin rani ɗaya ya koma. Ya ba ni labarin Sabon Zango na Akra, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, ya nuna mini yadda ake gane goron da tsutsa ta shiga tun ba a fasa ba. Sai da na sayi na sidi goma sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya yi shiru, can ya ce, "Hotona ɗaya ne a duniya, na jikin katin shaida. Ina da jikoki a gida da ba su san fuskata ba. In kin ɗauka, za a iya tura musu?"

Ya gyara hula, na roƙe shi ya matso bakin rumfa inda inuwa ta haɗu da haske, don rana tsaka tana zuba duhu a ƙarƙashin ido. Hoto shida na ɗauka, huɗu daga ciki na hannuwansa ne a cikin goro. Kafin in tashi muka tura biyu ta WhatsApp zuwa wayar ɗansa. Ba a yi minti goma ba saƙon murya ya shigo, yara suna ta ihun "Kaka! Kaka!" Ya saurara sau uku.

Da na koma Kumasi na wanke hoton hannuwan na kai wa Baba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Haka hannun mahaifina yake." Kakanmu ya yi shekaru yana safarar goro zuwa arewa, amma babu hotonsa ko ɗaya a gidanmu. Sai dai a ce mana dogo ne, baƙi, mai tsage.

Iyayenmu da ke kasuwannin Kumasi, Lome, Kwatano ko Yawunde, kusan kowane gida yanzu akwai waya mai kyamara. Muna cika ta da hotunan biki, amma rumfar da ta ciyar da mu ba ta ciki. Ku bar yaranku su ɗauke ku a bakin aiki, da ma'auni da buhu da maƙwabcin rumfa in ya yarda. A wanke ko guda biyar ne, domin waya tana ɓata, a rubuta suna da gari da shekara a baya. Ku kuma 'yan'uwana matasa, a fara da sallama, kyamara ta biyo baya.

Ranar Asabar da ta wuce Baba ya leƙo ɗakina tun da sassafe, sanye da rigarsa ta zuwa kasuwa. Ya ce, "Ɗauko abin naki mu tafi, kafin rana ta yi tsaka. Ba ke kika ce tana ɓata fuska ba?"