Matrix Revolutions: Shin sulhun da aka rufe labarin da shi ya biya buƙatar mai kallo?

Fiye da shekara ashirin ke nan da fitowar The Matrix Revolutions, kashi na uku na fina-finan Matrix, amma har yau masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya ba su daina gardama a kan yadda ya ƙare ba. An saki fim ɗin ranar 5 ga Nuwamba, 2003, wata shida kacal bayan kashi na biyu. Kuɗin shiga kallo ma sun nuna yadda zumuɗin jama'a ya yi sanyi: na biyun ya tara kimanin dala miliyan 740, na ukun kuwa bai kai miliyan 430 ba.

Ga wanda bai kalla ba, ga gundarin labarin. A kashin farko, wanda 'yan gidan Wachowski suka shirya a 1999 kuma ya ci lambobin Oscar huɗu, na'urori masu tunani sun ci ɗan Adam da yaƙi. Sun kwantar da mutane cikin kwasfa suna tatsar makamashi daga jikinsu, suka kuma jona ƙwaƙwalensu da wata duniyar ƙarya ta kwamfuta don kada su farga. 'Yan tsirarun da suka kuɓuta suna zaune a Zion, wani birni can ƙarƙashin ƙasa, suna jiran mai ceto. Keanu Reeves ne ya fito a matsayin mai ceton, Neo. Alkawarin da kashin farko ya ɗaukar wa mai kallo a fili yake: za a rusa kurkukun, kowa ya farka.

Kashi na biyu ya yi wa alkawarin nan ƙafar ungulu. Wanda ya tsara duniyar ƙaryar, dattijon da ake kira Architect, ya shaida wa Neo cewa shi ne mai ceto na shida, kuma an riga an ƙone Zion sau biyar. Ashe ita kanta tawayen na'urorin ne suka ƙirƙiro ta, domin tattara masu taurin kai wuri guda a share su lokaci bayan lokaci. Duk mai bin siyasa ya san irin wannan adawa da gwamnati ke kiwo da hannunta.

To, ina aka kwana a na uku? Na'urorin yaƙi 250,000 na haƙo ƙasa zuwa Zion. A ɗaya gefen, Smith, wani jami'in tsaron duniyar ƙaryar da ya ƙwace daga hannun iyayen gidansa, yana ta hayayyafa yana mamaye kowa, har ya zama barazana ga na'urorin kansu. Neo, wanda aka makantar a hanya kuma ya rasa abar ƙaunarsa Trinity, ya isa birnin na'urori ya miƙa tayi: zai kawar musu da Smith, su kuma su ƙyale Zion. Ya ba da ransa, Smith ya tarwatse, maharan suka juya. Ba wanda ya ci yaƙi. Sulhu aka yi.

Ta fuskar sana'ar fim, masu suka suna da gaskiya a wurare da dama. An shafe dogon lokaci ana ɓarin wuta a mashigar Zion ba tare da an ga ƙeyar Neo ba, sai wasu sababbin fuskoki da mai kallo bai shaƙu da su ba. Morpheus, wanda ya riƙe kashin farko da kwarjininsa, ya koma ɗan rakiya a kujerar gefen matuƙiya. Mutuwar Trinity ta yi tsawon da har tausayi ya fara komawa ƙosawa.

Amma babban ƙorafin, wato cewa an yi wa jama'a alkawarin nasara aka ba su sulhu, ba shi da ƙarfi kamar yadda ake zato. Bayan abin da kashi na biyu ya fallasa, da mutanen Zion sun murƙushe na'urori da bindiga, da labarin ya ƙaryata kansa. Tun a na biyun ma wani dattijon majalisar Zion ya nuna wa Neo cewa injuna ne ke ba birnin iska da ruwa. Ƙarshen da ya dace da wannan labari shi ne zaman teburi.

Matsalar tana cikin irin sulhun da aka nuna, kuma a nan matashin da ya kalli fim ɗin a wayarsa a Nahuce, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, zai riga mai sharhin Amurka gano inda gizo ke saƙa. Kalmar sulhu ba baƙuwa ba ce a Zamfara. A 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta shiga tattaunawa da 'yan bindiga, aka saki mutane, aka ajiye wasu makamai, aka ɗan sarara. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe. A Satumban shekarar aka katse layukan waya a faɗin jihar. A Yulin 2022 aka naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji da ke Tsafe da sunan neman zaman lafiya, alhali 'yan sandan Katsina na nemansa ruwa a jallo, har ta kai gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Gwamna Dauda Lawal da ya hau a 2023 ya ce shi ba zai yi sulhu ba. Wanda ya rayu cikin wannan kai-komo ya san tambayoyin da ake yi wa kowace yarjejeniya: wa ya tsaya mata, wa zai hukunta wanda ya karya, kuma ina hakkin waɗanda aka kashe?

Fim ɗin ya sauƙaƙa wa kansa ta hanyoyi biyu. Na'urorinsa shugabansu ɗaya ne. Da ya ce a tsaya, dubban ɗaruruwan mahara suka tsaya a take. A dajin Zamfara kuwa daba-daba ne, kowa da ubangidansa, ka shirya da wannan wancan ya far maka. Sannan an samar wa ɓangarorin biyu abokin gaba guda, Smith, wanda tsoronsa ya tilasta wa mai ƙarfi sauraron mai rauni. In ba don shi ba, Neo ba shi da abin sayarwa a kasuwar nan.

Sharuɗɗan kuma fa? A zaman ƙarshe a wani lambu, Architect ya amince cewa duk wanda ya so fita daga duniyar ƙaryar za a sake shi. Shi ke nan. Ba shaida daga ɓangaren 'yan Adam, domin masu maganar biyu, shi da bokanyar nan Oracle, duk manhajojin na'ura ne. Mutumin da bai san yana kurkuku ba, ta yaya zai nemi fita? Ɗimbin jama'ar da ke kwance cikin kwasfa suna nan ana tatsarsu, kamar ƙauyen da aka bari ya yi noma bayan ya biya harajin 'yan daji. Ana murna a Zion, ba wanda ya tambayi ra'ayin sauran.

Saboda haka amsar ita ce, Revolutions ya zaɓi ƙarshen da ya dace, sai dai ya ɓata mafi yawan sa'o'insa biyu a kan harbe-harbe, ya bar wa ainihin batun 'yan mintoci. Alamu sun nuna masu shirin ma sun ga giɓin. Da Lana Wachowski ta dawo da The Matrix Resurrections a 2021, ta kai labarin shekara sittin gaba, inda aka bayyana cewa sakin mutane ya jawo wa na'urori ƙarancin makamashi har suka kaure da yaƙi a tsakaninsu, ɓangaren da ya yi rinjaye kuma ya sake gina kurkukun, ya mayar da Neo da Trinity ciki.