Fuskar Manhaja da Salular Mutanen Gure

Wanda ya bar Damagaram ya miƙi hanyar Diffa, ya ci kilomita wajen 170 har ya sauka Gure, a ƙasar Muniyo inda Manga da Hausawa da Fulani da Tubawa ke cin kasuwa ɗaya, lalle zai lura cewa salular jama'a iri biyu ce, ƙarama mai maɓallai da babba ta shafawa, alhali kuwa buƙatar masu su ɗaya ce: aika kuɗi, jin farashin gero, gai da dangi. Saboda haka ya wajaba a kan masu ƙera manhaja su sauya mata fuska gwargwadon na'ura da muhalli, kamar yadda shari'a ta yi wa matafiyi rangwamen ƙasaru ba tare da salla ta tashi daga kansa ba.

Mai babbar salula yana taɓa hoto ya biya buƙata. Mai ƙarama kuwa, idan zai aika kuɗi ta Airtel Money, sai ya danna tauraro da lambobi, jerin zaɓi ya fito, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan tafarki, da ake kira USSD, ba ya neman intanet ko kaɗan, kuma a ganina hikimarsa ta fi ta manhajoji masu ado, musamman a ƙauyukan da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, cajin batir ma sai an biya. Irin wannan lalura ce ta sa aka fito da Facebook Lite a 2015, mara nauyi, domin raunin sadarwa, kamar yadda saƙon murya na WhatsApp, tun 2013, ya buɗe ƙofa ga dattijon da ya yi karatun allo amma bai san boko ba.

Inda gyara ya rage, kuma abin yana damuna ƙwarai, shi ne harufa. Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, amma ƙananan saluloli da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, har "ƙasa" ta koma "kasa". Ko an same su ma akwai tara, domin saƙon SMS yana ɗaukar harufa 160, amma da zarar harafi mai lanƙwasa ɗaya ya shiga, sai ya koma 70 kacal, wanda ya kiyaye ƙa'idar rubutun harshensa ya biya ninki.