Sarki Wu da Yarimansa

Ƴan'uwa ɗaliban yaƙi da jahilci, labarinmu na yau daga ƙasar Sin ya fito.

Sarki Wu na gidan sarautar Han ya yi shekara 54 bisa mulki. Ɗansa Liyu Ju shi ne yarima mai jiran gado. Da sarki ya tsufa, ciwo ya dame shi. Ya zaci sammu aka yi masa.

A shekara ta 91 kafin haihuwar Annabi Isa, wani bafade, Jiyang Cong, ya ce ya tono gumakan icce na sammu gidan yarima. Dā ma ba su shiri. Sarki ba ya gari, yarima bai samu ganinsa ba. Sai ya kashe bafaden. Aka ce ma sarki ɗansa ya yi tawaye. Kwana 5 ana yaƙi cikin babban birni. Yarima ya gudu, ya rataye kansa.

Daga baya sarki ya gane ƙazafi ne. Ya gina fāda don begen ɗansa. Shekara 4 bayan fitinar ya rasu, ƙaramin yaro ya gaje shi.

Ƴan'uwa, in aka kawo muku sārā, ku kira mai shi, ku ji ta bakinsa tukuna.