Sake Neman Shiga Kwalejin Hafsoshin Sojan Amurka Bayan Fara Jami'a: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Rasawa

A kowace shekara dubban matasan Amurka kan nemi gurbi a kwalejojin horar da hafsoshin soja na ƙasar, amma kaɗan ne daga cikinsu ke dacewa. Kwalejin sojan ƙasa ta West Point da ke jihar New York, wadda aka kafa a 1802, kan ɗauki ɗalibai kimanin 1,200 ne kacal a shekara. Adadin bai yi nisa da haka ba a kwalejin sojan ruwa ta Annapolis da aka kafa a 1845, da ta sojan sama da ke Colorado, wadda aka kafa a 1954. Da yawa daga waɗanda ba su samu ba kan wuce jami'a, daga can kuma su sake gwada sa'arsu. Doka ta ba su wannan dama, sai dai tana da farashi.

Sharaɗi na farko shi ne shekaru. Dole mai nema ya kai shekara 17, kuma kada ya cika 23 kafin ranar 1 ga watan Yulin shekarar shiga. Ana kuma buƙatar ya kasance ba shi da aure, ba kuma wanda doka ta ɗora masa nauyin ciyarwa. Ke nan wanda ya kammala sakandare yana da shekara 18 zai iya sake nema sau da dama kafin lokaci ya ƙure masa.

Sharaɗi na biyu shi ne samun wanda zai gabatar da sunansa. Kwalejojin uku ba sa ɗaukar ɗalibi sai wani mai hurumi ya tsayar da shi, galibi ɗan majalisar wakilan mazaɓarsa, ko ɗaya daga sanatocin jiharsa biyu, ko mataimakin shugaban ƙasa. Kowane ɗan majalisa na da gurabe biyar ne a kowace kwaleji a lokaci guda. Gabatarwar bara ba ta aiki a bana, don haka mai sake nema zai sake rubuta takardu, ya sake zama gaban kwamitin tantancewa. Kwalejin dakarun tsaron gaɓar teku da ke Connecticut ce kaɗai ba ta buƙatar wannan mataki.

Haka nan zai sake gwajin ƙarfin jiki mai rukuni shida, wanda ya haɗa da jifan ƙwallon kwando a durƙushe da gudun mil ɗaya. Binciken lafiya kuwa kan ci gaba da aiki har shekara biyu, muddin babu wani ciwo ko rauni da ya same shi a tsakani.

Ribar shekarar jami'a ita ce tana ba mai nema hujjar da ɗan sakandare ba shi da ita. Kwalejojin nan sun dogara ƙwarai kan lissafi da kimiyya da injiniyanci, kuma suna so su ga ko ɗalibi zai iya ɗaukar nauyin karatunsu. Shi ya sa ake shawartar mai sake nema ya ɗauki darussa irin na ajin farko na kwalejin, wato lissafi mai zurfi, da kimiyyar sinadarai, da Turanci, da tarihi. Sakamakon zangon farko yana da nauyi sosai, domin shi ne ke isa hannun masu tantancewa kafin su yanke hukunci. Wanda ya zaɓi darussa masu sauƙi don ya tara maki bai nuna musu abin da suke son gani ba.

Akwai kuma shirin ROTC, wanda ke horar da ɗalibai aikin hafsa a cikin jami'o'in farar hula. Shiga cikinsa kan sa ɗalibi ya samu shaidar kwamandan da ya gan shi a fagen horo, kuma yana buɗe masa wata ƙofar gabatarwa ban da ta 'yan majalisa.

Hasarar kuwa ita ce lokaci. Kwalejojin ba sa rage wa kowa shekaru saboda karatun da ya yi a wani wuri. Ko ɗalibi ya yi shekara biyu a jami'a, daga ajin farko zai fara, ya sha horon sababbin shiga na kusan mako shida, ya kuma bi umarnin waɗanda ya girma. Za a iya ɗauke masa darasin da ya riga ya ƙware a kai a ba shi wani, amma shekara huɗun tana nan daram. Bayan ya kammala, wajibi ne ya yi aikin soja na aƙalla shekara biyar, sannan wasu uku a rundunar jiran ko-ta-kwana. A madadin haka gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatu da abinci da makwanci, har da alawus na wata-wata.

Tarihi ya nuna bin wannan hanya ba abin kunya ba ne. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya yi karatu a manyan makarantu biyu na jihar Georgia kafin ya shiga Annapolis a 1943. Janar George Patton ma ya yi shekara guda a kwalejin soja ta jihar Virginia kafin ya shiga West Point a 1904. Sai dai kwalejin ba ita kaɗai ce hanyar zama hafsa ba. Janar Colin Powell ta shirin ROTC ya fito, daga wata jami'a a birnin New York, kuma ya zama babban hafsan hafsoshin Amurka a 1989. Ɗan West Point da ɗan ROTC duka da muƙamin laftanar mai anini ɗaya suke fara aiki.

Lamarin ba baƙo ba ne ga matasan Najeriya. Kwalejin horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ita ma tana da iyakar shekaru, kuma duk wanda ya shiga kwas ɗinta na yau da kullum daga farko yake somawa. Rundunonin ƙasar kuma na ɗaukar masu digiri ta hanyar gajeren horo.

Saboda haka, abin da ya kamaci mai sake nema shi ne ya riƙi karatun jami'arsa da gaske, kada ya saki reshe ya kama ganye. Sakamako mai kyau shi zai ƙarfafa takardunsa idan ya sake nema. Idan kuma aka sake hana shi, shi ne dai zai kai shi ga digiri, da kuma aninin hafsa ta wata ƙofar.