Wuri da Dabbar da Ke Cikinsa

Wuri, wanda Hausawa suka yi ƙarnuka suna saye da sayarwa da shi, ƙoƙon wata ƙaramar dabbar teku ne, dangin dodon koɗi, wadda masana suke kira Monetaria moneta, kuma tsawonta bai cika wuce santimita 3 ba. Mazauninta ruwa ne mai ɗumi marar zurfi a Tekun Indiya da Tekun Fasifik, tsakanin duwatsun murjani, wato tuddan da wasu ƙananan halittu suke ginawa a ƙarƙashin ruwa da sinadarin alli. Babu irinta a gaɓar Accra, saboda haka duk wurin da ake gani a faifan masu maganin gargajiya a kasuwar Nima, ko a gashin yarinya a unguwannin Maamobi da Kotobabi, baƙo ne da ya ƙetaro teku bayan mai shi ta mutu.

Santsi da ƙyallin da suka sa wuri ya yi daraja aikin naman dabbar ne. Tana da wata fata mai laushi da ake iya kira mayafi, wadda take fitowa ta dogon bakin ƙoƙon daga dama da hagu, ta lulluɓe bayansa har gefunan biyu su haɗu a tsakiya, kuma duk lokacin da ta yi haka tana shafa masa sabon rufin alli, tana hana gansakuka da ƙananan halittu manne masa. Idan aka taɓa ta, mayafin yakan janye ciki nan take, sai ƙoƙon ya bayyana fes. Da rana tana ɓuya a ƙarƙashin dutse, da dare ta fito kiwo, tana kankare gansakuka da harshe mai jerin ƙananan haƙora kamar magagari. Tana ƙarama ƙoƙonta siriri ne mai murɗe irin na katantanwa. Sai ta balaga leɓensa ya lanƙwashe ciki, haƙoran nan na bakin wuri su fito, daga nan kuma tsawo ya tsaya, kauri ya ci gaba. Wannan ne dalilin da ya sa wuri bai cika bambanta da ɗan'uwansa a girma ba, ba ya saurin fashewa, kuma ba a iya ƙera na jabu, waɗanda su ne sharuɗɗan da kasuwa take nema ga kuɗi. Macen kuma tana da wata ɗabi'a da ba a san dodon koɗi da ita ba, domin takan zauna a kan ƙwanta, ta rufe shi da tafinta har ya ƙyanƙyashe.

Tsibiran Maldib ne babbar mahaƙar wannan kuɗi. Matafiyi Ibn Battuta, wanda ya zauna a can wajen 1343, ya bayyana yadda ake tsinto shi daga teku a zuba a ramuka har naman ya ruɓe, farin ƙoƙo ya rage, kuma ya ce ana ba da 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya. Da ya zo Mali da Gao bayan shekara goma, ya tarar ana canza 1,150 kacal a kan dinarin. Wannan rata ita ta ja wuri ya ratso Sahara a bayan raƙuma, daga baya kuma Turawan Fotugal da Holan da Ingila suka riƙa cika ƙasan jiragensu da shi suna sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma, inda aka sayi bayi masu yawa da shi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Baturen matafiyi Barth ya tarar a Kano a 1851 ana canza dala ɗaya ta azurfa da wuri 2,500, ana ƙirga shi biyar-biyar a ƙasa, ana ɗaure 20,000 a keso guda. Mai dukiya a lokacin shi ne wanda aka ce yana da kuɗi wuri na gugar wuri, maganar da ta rayu har yau a bakin mutanen da ba su taɓa sayen ko gishiri da shi ba.

Abin da ya karya shi ɗan'uwansa ne. Daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka fara jigilar wani nau'i mai zoben rawaya a baya, Monetaria annulus, daga Zanzibar, inda yake da arha ƙwarai. Kama da wane ba ta wane, amma kasuwa ta karɓe shi, kuma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai: daraja ta faɗi har ɗaukar kuɗin zuwa nesa ya kusa cinye kuɗin kansa. Fataken goro da suke zuwa Salaga a ƙasar Gwanja sun sha wannan nauyi a kan jakunansu, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, inda zangonni suka bunƙasa. Turawan mulki sun hana shigo da wuri a farkon ƙarni na 20, amma da Ghana ta fitar da sabon kuɗi a 1965 sai ta sa masa suna sidi, daga sunan wuri a harshen Akan. Sauran aikin wuri ya koma ado, da kayan 'yan bori, da caca, da hannun masu duba, waɗanda suke fasa bayansa domin ya iya faɗuwa ta fuska biyu idan an watsa, al'adar da malaman zango suka daɗe suna hani da ita.

Masu kiwon halittun teku a ƙananan akwatunan gilashi, waɗanda wasunsu ba su wuce lita 40 ba, suna cikin waɗanda a yau suke ganin wuri da ransa. Cikin abubuwan da suke sha'awa akwai kawar murjani mai launi, Tridacna, wadda take ɗauke da gansakuka a cikin namanta tana ci daga abin da suke sarrafawa da haske, don haka take buƙatar fitila mai ƙarfi, kuma take zuƙe allin ruwan da sauri yayin da take girma. Wuri ya fi ta sauƙin hali, ana ma sa shi ne domin ya share gansakukar da ke kan dutse da gilashi. Duk da haka sharaɗin ruwa ɗaya ne: gishiri kusan giram 35 a kowace lita, zafi tsakanin digiri 24 da 27, kuma kada maganin kifi mai tagulla ya shiga, domin yana kashe su. Ƙaramin ruwa ba ya da haƙuri, saboda abin da ya tafi a tururi ruwa ne zalla, gishirin yana nan, sai a riƙa cikawa da ruwa marar gishiri kullum. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a ɗakin kwano a Kotobabi cikin watan Maris, idan wuta ta ɗauke famfo da fanka suka tsaya, 'yan sa'o'i sun isa iskar ruwan ta ragu, zafinsa ya haura abin da dabbar za ta jure. Ko an kiyaye duk wannan, hayayyafa takan gagara, domin 'ya'yan wuri suna fara rayuwa ne suna yawo a cikin ruwa, matatar akwatin kuma takan zuƙe su, shi ya sa galibin waɗanda ake sayarwa da rai daga teku ake tsinto su.