Nakiya a Kan Hanya: Me Mai Dasa Bam Yake Nema a Zamfara?

A watan Disamba na 2024 nakiya ta tashi da matafiya a kan hanyar Ɗansadau, cikin ƙaramar hukumar Maru, har sau biyu a 'yan kwanaki kaɗan, aka yi asarar rayuka. Rundunar 'yan sandan jihar ta ɗora alhakin abin a kan ƙungiyar Lakurawa. Mutumin Talata Mafara ko Bakura ko Maradun da ya ji labarin a rediyo zai iya cewa Allah ya kiyaye gaba, ya ci gaba da sabgarsa, domin Ɗansadau tana can kudu, tafiya ce mai nisa. Kuma ba a ga laifinsa ba. Shekara goma da wani abu ke nan da mutanen Zamfara suka san masifar bindiga ciki da bai: ƙarar babura da tsakar dare, koren shanu, kiran waya na kuɗin fansa. Bam kuwa a tunanin mafi yawanmu kayan Maiduguri ne, aikin masu wata aƙida ce da ba ta yi saiwa a nan ba. Wannan tunanin ne nake ganin ya kamata a sake auna shi tun kafin ya ci mu, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai dalilin da ya sa muke haɗa bam da aƙida. Hare-haren da suka fi zama a zukatan mutanen Arewa na Boko Haram ne: na Kano ranar 20 ga Janairu 2012, wanda ya ci rayuka sama da 180 a yini guda, na ofishin 'yan sandan shiyya a Sakkwato a watan Yulin 2012, na babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, inda sama da mutum 100 suka rasu, da na sakatariyar Sabon Garin Zariya a Yulin 2015. Amma tarihin bam a ƙasar nan ya girme wa Boko Haram, kuma dalilansa sun fi ɗaya. Ɗan jarida Dele Giwa a cikin ƙunshin wasiƙa aka aika masa da nasa a Legas a 1986, kuma babu wanda ya ce wa'azi ake yi masa. Motocin da suka fashe a Abuja ranar 1 ga Oktoba 2010, ana tsakiyar bikin cika shekara 50 da samun 'yancin kai, tsagerun yankin Neja Delta ne suka ɗauki alhakinsu, rigimarsu kuwa ta arzikin man fetur ce. Waɗanda suka fasa layin dogo suka tsayar da jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 fasinjoji suka kwasa zuwa daji, aka yi wata shida da 'yan kwanaki ana ciniki a kansu. Wani ya dasa don ya rufe baki, wani don ya ja hankalin gwamnati, wani don ya sami abin sayarwa. Bam makami ne kawai, duk wanda ya ga zai biya masa buƙata zai ɗauka, ko yana da aƙida ko ba shi da ita.

To wace buƙata zai biya wa ɗan bindigar Zamfara, wanda kowa ya san kuɗi da iko yake nema? Amsar tana kan hanya. Bindiga sai da mai riƙe ta. Dole ya fito, ya tsaya, ya yarda za a iya harbinsa shi ma. Nakiya kuwa a binne ta da dare a tafi a kwanta, ita za ta yi gadin. Kuma ba sai ta kashe mutane da yawa ba kafin ta gama aikinta. A ɗauki hanyar jar ƙasa da ke haɗa wani ƙauye da kasuwar Talata Mafara. Ranar da mota guda ta taka, washegari direbobi sun taru a tasha, kowa ya jingina da motarsa, ba mai son ya zama na farko. Wanda ya yi ƙarfin halin tafiya ya ninka kuɗin mota. Buhun geron da ake son kai wa kasuwa ya zauna a rumbu, gishiri da man gyaɗa da maganin zazzaɓi sun yi tsada a ƙauye, mai naƙuda ta haihu a ɗaki ko ta rasu a ciki. Sojan da a da yake isa cikin minti arba'in yanzu sai ya yi tafiyar hawainiya, ana duba ƙasa taku-taku, kafin ya kai an gama ɓarna an koma daji. A nan ne ribar take. Ƙauyen da aka yanke daga gari ba shi da wanda zai kai wa kuka, saboda haka idan aka aiko cewa a tara miliyan kaza kafin a shiga gona, ko kafin a yi girbi, ba a jayayya. Mai dasa nakiya a irin wannan wuri so yake ya zama shi ne hukuma, ya riƙe mabuɗin shiga da fita.

Idan aka fahimci haka, za a ga cewa ƙananan hukumomin nan uku, Talata Mafara da Bakura da Maradun, ba su da wata katanga da ta raba su da Ɗansadau. Abin da ake nema yana nan: noman rani na madatsar ruwan Bakolori, babbar kasuwa, titin Gusau zuwa Sakkwato da ƙananan hanyoyin da ke ɓullowa daga gare shi, ga kuma dajin Sububu da yankin Bayan Ruwa inda 'yan bindiga suka daɗe da kafa sansani. A shekarar 2021 kaɗai kowacce ta ɗanɗana: an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu, an shiga kwalejin noma ta Bakura a Agusta, an ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba. Abin ɗaukar hankali, waɗannan garuruwa uku su ne suka ba jihar gwamnoni uku, Ahmad Sani Yarima da Abdul'aziz Yari da Bello Matawalle, amma hakan bai hana komai ba. A Nuwambar 2021 ne babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Kuma duk wanda ya bi sawun wannan sana'a ya san ba ta tsayawa wuri ɗaya. Da satar shanu ta fara. Da shanu suka yi ƙaranci ta koma satar mutane, daga nan ta koma sa wa gari guda haraji. Kowane mataki koyonsa aka yi. Yanzu da matsi ya ƙaru, aka kashe shugabannin daji irin su Halilu Sububu a Satumbar 2024, aka kuma kafa Askarawan Zamfara a farkon 2024, dabarar da ta rage wa wanda ba ya iya tsayawa gaba da gaba da soja ita ce ya hana sojan isowa. Haka aka gani a Borno: da aka ƙwace garuruwa daga hannun Boko Haram, sai hanyoyi suka zama filin yaƙi, kuma har yau motocin haya na taka nakiya a can.

Wani zai ce ai duk wannan kame-kame ne, tushen abin zalunci ne da talauci; an cinye burtali, an yanka mashaya an mayar gona, alƙali da ɗan sanda sun tatse makiyayi, 'yan sa-kai sun yanka mutane a tsakiyar kasuwa ba shari'a. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma duk wanda ya musa ta bai san yadda wutar ta kama ba. Kwamitin da tsohon sufeto janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ƙirga sama da mutum 6,000 da aka kashe a jihar cikin shekara takwas, ya kuma nuna yatsa har ga wasu masu riƙe da sarauta da jami'ai. Sai dai zalunci yana bayyana yadda yaro ya shiga daji ne, ba ya bayyana abin da ubangidansa yake yi da nakiya bayan shekara goma. Wanda aka zalunta azzaluminsa yake nema. Abin da aka binne a ƙasa kuwa ba ya tambayar suna ko ƙabila. Motar da ta fara zuwa ita ce tasa, ko da Bafulatana ce a ciki da ƙwaryar nononta. Wanda ya zaɓi makamin da ba ya zaɓe ya riga ya faɗa mana cewa ba ramuwa yake yi ba. Gyara burtali da tsarkake kotuna wajibi ne don a rufe ƙofar shiga daji, amma kada a ɗauke su a yi wa mai dasa bam riga.

Akwai kuma masu cewa ai baƙi ne, daga Mali da Nijar suka shigo, namu ba su iya wannan ba. Ƙila hannun da ya haɗa na baƙo ne. Lakurawa sun daɗe a Tangaza da Gudu ta jihar Sakkwato, an kuma sha ba da rahoton cuɗanyar wasu shugabannin daji, irin su Dogo Giɗe, da masu iƙirarin jihadi. Amma baƙo bai san ranar da motar askarawa ke wucewa ba, bai san wace kwana ce ba ta da ratse ba. Na gida ne ke faɗa masa, wanda ake kira infoma, sau da yawa a kan kuɗin da ba su kai na tunkiya ba. Kayan aikin ma ba daga sama suke faɗowa ba. Jihar da ake haƙar zinare a ɓoye, nakiyar fasa dutse tana yawo a hannun da hukuma ba ta san da shi ba, kuma haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa a 2019 ta ɗage a ƙarshen 2024 bai hana ramuka aiki ba. Wanda ke ganin ajiye irin wannan kaya ƙaramin abu ne ya tuna unguwar Bodija a Ibadan, inda a Janairun 2024 nakiyar da aka ɓoye a wani gida ta rushe gidajen maƙwabta, gwamnan jihar ya ce ta masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ce. Faɗin cewa baƙi ne yana da daɗi a baki domin yana wanke kowa. Haɗarinsa shi ne ido ya koma kan duk wani mai rawani ko mai sanda da ya shigo kasuwa, a far masa, alhali wanda ya nuna hanyar yana zaune a majalisar shayi ana hira da shi. Duk kisan da aka yi wa marar laifi a kan zargi, an ƙara wa daji sabon soja ne daga cikin danginsa.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne na wanda zai ce: in na ga wani abu na faɗa, wa zai kare ni? An sha kai rahoto da safe, da yamma mutanen daji su kira mai rahoton da sunansa. Ban da haka, bam ɗin da ya fi kashe farar hula a wannan shiyya a 'yan shekarun nan daga sama ya zo: na Tudun Biri a jihar Kaduna a Disambar 2023, wanda ya faɗa wa masu Mauludi ya kashe sama da 80, da wanda ya sami 'yan sa-kai da mutanen gari a tsakanin Zurmi da Maradun a Janairun 2025. Ba a ce wa mutum ya amince da hukuma da baki kawai. Nauyi yana kanta ta rufa asirin mai kawo labari, ta hukunta jami'in da ya fallasa shi, ta biya diyyar waɗanda jirginta ya kashe, ta ajiye masu kwance bam kusa da jama'a maimakon a jira su daga Gusau, ta kuma san lissafin kowace nakiya da ta ba da izinin shigowa da ita wurin haƙar ma'adinai. Duk da haka shiru ba mafita ba ce, domin wanda ya ga ana tono a kan hanya ya kama bakinsa, bai san ko ƙaninsa ne zai fara bi da babur da asuba ba. Kuma ba dole sai ofishin 'yan sanda ba. Akwai mai unguwa, akwai limami, akwai shugaban direbobi, waɗanda za su iya isar da magana ba tare da an ji daga bakin wa ta fito ba.

Saura abin da ke hannun kowa. Direba da ɗan acaɓa su ne idon hanya: sabuwar ƙasa da aka tona aka mayar a tsakiyar turba, waya da ta leƙo daga ƙasa, duwatsu ko itace da aka jera don a tilasta wa mota bin gefe guda, hanyar da aka saba ganin mutane amma yau ta yi tsit, duk dalili ne na tsayawa daga nesa a juya ta inda aka fito. Jarka ko tukunya ko buhun da ba a san mai shi ba a tasha, a kasuwa, ko a ƙofar masallaci, ba a taɓawa, ba a jifa, ba a zuba masa ruwa. A janye mutane, a kira 112 ko a sanar da jami'in da ya fi kusa. Idan abu ya fashe, kada a ruga kallo ko ɗaukar hoto da waya, domin an sha dasa na biyu don masu taruwa. Iyaye su ja wa yara kunne a kan tsintar ƙarfe a daji da gonakin da aka yi artabu, 'yan gwangwan kuma su ƙi sayen duk ƙarfen da ya yi kama da kayan soja, komai arharsa. Gwamnatin Borno ma ta hana sana'ar gwangwan a 2023. Malamai a kan mumbari, shugabannin tasha a Mafara da Lambar Bakura da Maradun, da iyayen ƙasa a fadodinsu, ku faɗa wa mutanenku wannan tun yanzu da hanyoyin suke buɗe, kada ku jira ranar da za a yi bayaninsa a wurin jana'iza.