Lambar Sirrin Rediyon Mota, da Hanyar Nemanta In Ta Ɓata

Daga cikin ƙananan musibun da kan sami masu motoci, waɗanda ba su kai a yi wa mutum jaje ba amma sun isa su ɓata masa rai, akwai wannan: a kai mota gareji don sauya batir ko gyaran wata waya, a gama aiki lafiya lau, inji ya tashi, fitilu su kama, amma da mai motar ya kunna rediyo don jin labarun duniya sai ya tarar ya yi gum, babu kome a fuskarsa sai kalmar CODE ko SAFE. Nan take zargi kan faɗa a kan bakanike, a ce ya ƙona rediyo, alhali kuwa bawan Allah bai yi laifin kome ba, rediyon ma lafiyarsa ƙalau, abin da maƙeransa suka umurce shi da shi ne kawai yake aikatawa.

Asalin al'amarin sata ce ta jawo shi. A wajajen shekarun 1980 fasa gilashin mota don zare rediyo ya zama annoba a biranen Turai da Amurka, har masu motoci a birnin New York suka riƙa manna takarda a gilashi suna sanar da ɓarayi cewa babu rediyo a ciki, don kada a yi musu ɓarnar banza. Abin da ya ƙara sauƙaƙa wa ɓarayin sana'arsu shi ne an riga an daidaita girman ramin rediyo a galibin motoci, faɗi milimita 180, tsayi milimita 50, ta yadda na wannan mota kan shiga waccan ba tare da wahala ba. Sai kamfanoni suka yi hikima, suka ba kowane rediyo lamba tasa ta sirri, suka kuma ja masa waya guda wadda ke kawo wuta daga batir dare da rana, ko mota na tafiya ko tana ajiye. Duk sa'ad da wutar nan ta yanke, ko don an cire kan batir, ko batir ya mutu murus, ko fis ya ƙone, rediyon ba shi da hanyar bambance ɓarawo da mai gyara, saboda haka sai ya kulle kansa har a zo masa da hujja.

Dalilin da ya sa abin ya fi addabar mutanenmu a fili yake. Mafi yawan motocin da ake hawa daga Kano zuwa Maraɗi na hannu ne, waɗanda ake ce wa Beljam, sun baro Turai ko Amurka bayan an more su shekara da shekaru, sun sauka a Legas ko Kwatano, sun bi ta hannun dillalai biyar ko shida, kuma ɗan katin da kamfani ya buga lambar a kai, wanda aka miƙa wa mai motar na farko tare da littafin bayaninta, ya daɗe da salwanta a wata ƙasa mai nisa.

Abu na farko da nake so mai karatu ya riƙe shi ne kada ya yi ƙirdado. Na ga mutane da yawa, masu hankali kuwa, suna zaune a mota suna danna 1234, su danna 0000, su gwada shekarar haihuwarsu, su gwada lambar motar, kamar dai su ne suka zaɓi lambar tun asali, alhali a masana'anta aka sa ta kafin su san motar tana duniya. Kowane kuskure ana lissafa shi. Rediyon Volkswagen, irin na Golf da Passat, in aka kuskure sau biyu sai ya ƙi karɓar kome har tsawon sa'a guda, kuma sharaɗi ne a bar shi a kunne cikin sa'ar nan, in an kashe shi lissafi ya koma farko. Honda ta fi rangwame, a yawancin samfurinta tana ba mutum dama goma kafin ta sa shi jiran sa'a. Ford kuwa bayan kuskure na goma sai ya rubuta LOCK 10, a iya samun ƙarin dama uku, in su ma suka tafi ya rubuta LOCK 13, to daga nan babu sauran abin da yatsa zai iya, sai an kai shi ga masu na'ura. Lamba mai gurbi huɗu tana da fuska dubu goma, wanda ke da dama goma kacal ai ya san matsayinsa.

Maimakon haka sai a natsu a yi bincike a cikin motar kanta, domin sau da yawa abin nema yana kusa. A duba littafin mota in ya zo da ita, musamman bangon ciki da shafin ƙarshe, inda masu ita na da kan rubuta lambar da biro. A buɗe aljihun gaban fasinja a leƙa gefensa da ƙarƙashinsa da fitila, don wakilan Honda sun saba manna 'yar takarda a nan. A duba murfin akwatin fis, da cikin but wajen taya ta ajiya. In wanda ya sayar maka da motar yana raye kuma ana ga maciji, a tambaye shi, ko da kuwa shekara ta kewayo.

In duk wannan bai yi ba, to a nan ake bukatar fahimtar wata ƙa'ida wadda jahiltarta ta cinye kuɗin mutane da yawa, ita ce lambar sirri tana bin rediyo ne, ba mota ba. Kowane rediyo yana da lambar shaida tasa ta masana'anta, wadda ba sirri ba ce, kuma da ita ake gano ta sirrin a kundin kamfani. A Honda ta bayan shekarar 2001, in aka danne maɓalli na 1 da na 6 tare sannan aka kunna rediyon, lambar shaidar kan bayyana a fuskarsa kashi biyu, a haɗa su a rubuta. Yawancin na Ford ma haka ake yi musu, tasu kuwa kan fara da harafin M ko V, lambobi shida su biyo baya. Na Volkswagen sai an zaro shi daga raminsa da 'yan ƙarafan da aka yi don haka, a karanta a jikin ƙarfensa, za a ga ta fara da VWZ, ta Audi kuma da AUZ. Lambar shasi, mai gurbi 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba wajen direba, ita ma akan neme ta, amma ita kaɗai ba ta wadatarwa, domin in an taɓa sauya rediyon a Turai ko a wata kasuwar kayan gyara, kamfani zai ba ka lambar wani rediyo dabam wanda Allah kaɗai ya san inda yake, ka danna ta da yaƙini, ka ƙone dama guda a banza.

Da lambobin nan biyu, da takardun mallakar mota, sai a nufi wakilin kamfanin in akwai shi a kusa. Honda ta Amurka ma tana da shafi a intanet inda take bayar da lambar kyauta ga motocin da aka sayar a can, ko da yake takan nemi wasu bayanan mai motar, abin da kan wahalar da wanda ya saye ta a nan. Kada kuma ran mutum ya ɓaci in aka ce ya kawo shaidar mallaka. Wanda ya nemi shaida ya kiyaye amana ne, wanda bai nema ba kuwa zai buɗe wa ɓarawon rediyonka gobe kamar yadda ya buɗe maka yau.

Game da masu tallar lambobi a intanet da manhajojin waya, gaskiya ne wasu tsofaffin rediyo, kamar na Ford da Renault, an daɗe da gano lissafin da ke fitar da lambarsu, don haka akan dace. Amma 'yan damfara sun cika fagen. Duk wanda ya ce zai ba ka lamba ba tare da ya tambayi lambar shaidar rediyo ba maƙaryaci ne, duk kuma wanda ya nemi lambobin katin bankinka da na sirrinsa a kan aikin da bai taka kara ya karya ba, ba rediyonka ne a gabansa ba.

Mafita ta ƙarshe ita ce masu gyaran rediyo waɗanda ke da na'urar karanta ƙwaƙwalwarsa. Lambar tana ajiye ne a wani ɗan ƙanƙanin baƙin abu mai ƙafa takwas a jikin allon rediyon, wanda ba ya mantuwa ko an shekara babu wuta. Gwani kan karanto shi da kwamfuta ya faɗa maka ainihin lambar, wanda bai ƙware ba kuwa kan ƙona allon da zafin dalma. A nemi wanda aka shaida aikinsa, a yi ciniki tun kafin ya kwance noti ko ɗaya, a kuma ce lambar ake so a rubuce a takarda, domin wasu kan buɗe rediyon su riƙe lambar don ka komo.

Akwai wata al'ada a garejinmu da ya wajaba a yi gargaɗi a kanta, wato cire batir mota tana aiki, wai don kada rediyo ya kulle. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin batir shi ke daidaita wutar da caja ke turowa, in aka raba su inji na juyawa wutar na iya tashi farat ɗaya ta ƙone ƙwaƙwalwar injin, wadda kuɗinta ya ninka na rediyo sau da dama. Hanyar da ta dace ita ce a kashe mota, a jona wani batir ƙarami ta ramin na'urar gwaji da ke ƙarƙashin sitiyari kafin a cire babban, mai wayarin da ya san aikinsa ya san wannan. Sababbin motoci kuwa da yawansu sun huta da wannan wahala, rediyonsu kan gane motarsa da kansa ta lambar shasi.

Wanda zai sayi mota, ya sa lambar rediyo cikin sharuɗɗan ciniki, kamar yadda yake neman takardun kwastan da makulli na biyu, kuma kada ya wadatu da faɗa da baki. A cire kan batir a gabansa, a mayar, a danna lambar ya ga ta buɗe. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, dillalin da ya san lambar ta ɓata ya yi shiru ya ɓoye aibi ne, ko da rediyon na waƙa ranar ciniki. Haka nan rediyon kamfani da aka kawo maka a leda, da araha, wayoyinsa a yanke da wuƙa, babu lamba babu bayanin motar da ya fito, shubuharsa ta fi ƙarfin a kau da kai. In kuwa lamba ta samu, a rubuta ta wuri biyu, ɗaya a waya, ɗaya tare da takardun gida, amma ban da jikin rediyon ko aljihun motar, domin can ne ɓarawo zai fara dubawa.